Yadda zaka duba tayar motarka da kanka a gida

Abinda yasa na zauna rubuta wannan bayanin, wata rana ce ƙusa ta soki tayata ta gaba ɓangaren direba, na tsaya wajen mai facin unguwarmu, yaron ya ɗaga motar da jak ya ciro ƙafar ya kwantar da ita a ƙasa, sai naji yace "Alhaji zo ka gani." Na leƙa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ta waje inda idona yake kaiwa kullum zanen tayar yana nan raɗau, amma gefenta na ciki wanda yake kallon inji ya suɗe tas har waya ta fara leƙowa, kuma a cikin satin nan na dawo daga Katsina da iyali cike da mota, yara uku a baya, duk akan wannan tayar muka je muka dawo. Allah ne kawai Ya tsare. Tun daga ranar na daina yarda da kallon da mutum yake wa taya yana tsaye da mukulli a hannu, indai baka durƙusa ka leƙa ciki ka sa hannu ba toh baka duba taya ba.

Kuma abin ba wani aiki bane mai wahala, ba sai kaje gareji ba, ba sai kana da kayan aikin kanikawa ba. Tsinken ashana, biro, rular ƴan makaranta, fitilar wayarka, sai ɗan buhu ko tsohuwar tabarma da zaka durƙusa akai. Minti goma zuwa sha biyar ka gama ƙafa huɗu harda safaya. Hajiyoyi masu tuƙi kuma wannan maganar harda ku, kar a barwa direba ko maigida shi kaɗai, ke ce a cikin motar da yara safe da yamma hanyar makaranta.

Bari mu fara da amfanin zanen nan, dan mutane da yawa sun ɗauka kwalliya ce. Duk girman motarka, abinda yake taɓa kwalta a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannunka ba, birkinka da kwanarka da komai akan wannan ɗan wajen suka dogara. Ramukan da aka tsaga a jikin taya kuma aikinsu irin na kwatar ƙofar gida ne, idan an yi ruwa su ne suke kwashe ruwan da ke tsakanin roba da kwalta su watsar dashi gefe da baya dan robar ta samu ta kama ƙasa. In kwata ta cike da yashi kasan inda ruwa yake bi, toh haka taya, in ramin ya ƙare ruwan baida wajen zuwa sai ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga ta, motar ta koma tana sulu akan ruwa kamar kwale-kwale, kaji sitiyari yayi sakayau a hannunka, ka murɗa bata bi ba, ka taka birki bata ji ba. Shi yasa suɗaɗɗiyar taya take yaudarar mutane, duk rani tana tafiya lafiya lau akan busasshiyar kwalta har ka manta da ita, sai ruwan farko ya sauka ya haɗu da ƙura da baƙin man da suka kwanta a titi wata da watanni, a ranar zata nuna maka halinta. Banda wannan kuma robar da ta sirance ƙusa da tsinin dutse basa shan wahalar huda ta, in kaga kana yawan ziyartar mai faci akan ƙafa ɗaya toh ka zargi zanenta.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Sabuwar tayar ƙaramar mota zurfin raminta wajen milimita 8 ne, wata ta ɗan fi wata ta ɗan gaza. Iyakar da doka ta yanke a Ingila da ƙasashen Turai da wasu ƙasashe da dama shi ne milimita 1.6, ƙasa da haka taya ta mutu. Amma ni shawarata kar ka jira 1.6, dan tun daga milimita 3 riƙon taya a cikin ruwa yake raguwa sosai, nisan da mota zata ci kafin ta tsaya in ka taka birki ya ƙaru, so in ka auna kaga 3 kuma damina ta kawo jiki ko tafiyar Sallah na gaba, fara haɗa kuɗin taya kawai.

Toh yanzu aikin. Ka samu waje mai shimfiɗe ba gangare ba, da safe yafi kafin motar ta fita dan a lokacin taya a sanyaye take kuma akwai haske. Ka ja hanbirki, in otomatik ce ka sa ta a P, in mai giya ce ka barta a giya. Kafin ka kashe inji ka murɗe sitiyari gaba ɗaya zuwa dama har ya ƙure, sannan ka kashe ka zare mukulli ka sa a aljihu, musamman in akwai yara a gidan. Murɗewar nan ita ce sirrin, dan ita zata fito maka da fuskar tayoyin gaba waje kaga faɗinsu tun daga gefen waje har gefen ciki. In ka gama ka murɗa hagu ka sake kallo. Na baya basa juyawa, su dole sai ka shimfiɗa buhunka ka kwanta ta bayan motar ka haska da fitila. Amma dan Allah kar ka shiga ƙarƙashin motar da take kan jak kaɗai, jak yana zamewa, kuma wannan duban ma baya buƙatar ɗaga mota.

Abu na farko da zaka nema shi ne alamar da kamfani da kansa ya sa. Ka duba kafaɗar tayar, wato inda fuskarta ta haɗu da gefenta, zaka ga wani ɗan ƙaramin zane mai kusurwa uku kamar kan kibiya, ko haruffa TWI, a tayoyin Michelin kuma ɗan mutum-mutumin nan nasu ne a wajen. Ka bi saitin alamar da yatsa zuwa cikin manyan ramukan, zaka ji wani ɗan dakali na roba ya gitta a ƙasan ramin. Tsayin dakalin nan milimita 1.6 ne daidai, kuma akwai irinsa wurare da yawa a zagayen tayar. Lokacin da taya take sabuwa yana can ƙasa sai ka lalubo shi, tana cinyewa yana matsowa sama, ranar da kaga ya zo daidai da fuskar tayar ya zama kamar wani layi ya ratsa ta a kwance, magana ta ƙare, ko da a waje ɗaya ne kawai. Ba'a cewa ai sauran wajen da saura. Inda yafi cinyewa shi ne hukuncin tayar gaba ɗaya.

Sai dai dakalin nan ranar mutuwa kawai yake faɗa maka, baya gaya maka saura nawa. Anan ashana take shigowa. Ance ido ba mudu ba amma ya san kima, toh a maganar milimita 2 da 4 ido yana kuskure, gara ka auna. Ka fara cire tsakuwa da ƙasar da suka maƙale a ramin. Ka ɗauki tsinken ashana, ka cusa ɓangaren da ba kai a tsaye cikin ramin har ya taɓa ƙasa, ka kula kar ka ɗora shi akan dakalin nan dan zai rage maka lissafi, gefensa zaka sa. Sai ka kwantar da bakin biro akan fuskar tayar ka ɗiga alama a jikin tsinken daidai inda ya fito, ko ka danne wajen da farce, ka ciro ka kara a jikin rula ka karanta. Ƙananan layukan nan na rula kowanne milimita ɗaya ne. In ba rula a gidan akwai wata dabara, katin ATM kaurinsa ya ɗan gaza milimita ɗaya, guda biyu in ka haɗa su sun kai wajen 1.5, guda huɗu wajen 3. So ka haɗa kati biyu ka kara tsinken a gefensu, in abinda ya nutse bai wuce kaurinsu ba tayar ta gama aiki, in bai wuce kaurin guda huɗu ba tana kan hanya. Akwai ɗan abin auna zurfin zane da ake sayarwa, mai kama da sirinji, in ka samu a shagon kayan mota ka saya yafi sauƙi, amma rashinsa ba uzuri bane.

Kuma ba waje ɗaya ake aunawa ba, nan ne mutane suke yin kuskuren da nayi. Kowace taya ka auna rami na waje, na tsakiya, da na can ciki, sannan ka ɗan gusa da motar gaba kaɗan dan inda yake ƙasa ya hawo sama ka sake aunawa, ko sau uku a zagayen. Ka rubuta a takarda ko a waya, gaba dama kaza kaza kaza, gaba hagu kaza. Lambobin nan guda uku na kowace ƙafa su ne zasu baka labarin lafiyar motar ma gaba ɗaya ba tayar kaɗai ba, dan taya bata cinyewa haka kawai, yadda ta cinye shi yake nuna abinda yake cinta.

In kaga tsakiya yafi cinyewa gefe da gefe suna da saura, iska ce take yawa, tayar ta kumbura ta tsaya akan cibiyarta. Wannan yana da yawa a wajenmu saboda masu faci da dama in baka yi magana ba 40 ko 45 zasu ɗura maka, wani ma ba geji zai sa ba, ƙwanƙwasawa zai yi da sifana yaji ƙara yace ta yi. In kuma akasin haka ne, kafaɗu biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ce take ƙaranci ko lodi yake yawa, ko duka biyun, irin abinda zaka gani a ƙafar baya ta Golf da Sharon ɗin haya da ake danƙarawa buhuna har but ya ƙi rufuwa. Wannan na biyun yafi haɗari nesa ba kusa ba, zan dawo kansa.

In gefe ɗaya ne kawai ya cinye, na ciki ko na waje, kamar tawa, toh ba maganar iska bace, ƙafar ce bata tsaye daidai, alaimen ya tafi. Abinda yake kawo shi kuwa mun san shi, faɗawa rami da gudu, hawa kan dakalin titi, ko kuma wani abu ya saki a ƙasan motar, tayarod ko bol-join ko bushin. Yawanci zaka lura motar tana ja gefe ɗaya in ka sassauta riƙo, ko sitiyari ya karkace alhali kana tafiya miƙe, amma wani lokacin ba zaka ji komai ba sam, ni ban ji ba. Abinda nake so ka riƙe anan, in ka sayi sabuwar taya ka ɗaura akan ƙafar da take da wannan matsalar baka gyara ba, kuɗinka ka zubar, cikin ƴan watanni sabuwar ma zata bi sahun tsohuwar. A fara kai ta wajen bakanike ya girgiza ƙafar ya canza abinda ya mutu, sannan aje alaimen, sannan taya. In aka yi alaimen akan tayarod mai lilo ba zai zauna ba.

Akwai kuma wanda ido baya gani sai hannu. Bayan ka haska ka tabbatar ba waya a waje, dan wayar taya tana yanka kamar reza, sai ka shafa tafin hannunka akan fuskar tayar daga waje zuwa ciki, ka dawo daga ciki zuwa waje. In ta ɓangare ɗaya sumul ta ɗaya ɓangaren kuma kana jin kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, shima alaimen ne, tayar tana tafiya tana gogar kwalta a karkace. Sannan ka shafa ta a zagaye, in kaji tudu da kwari tudu da kwari kamar an ƙwaƙule ta da cokali wuri-wuri, toh shokazoba, wato abinda yake hana ƙafa tsalle, ta mutu ƙafar tana tsalle akan titi, ko kuma balansin ne babu. Irin wannan tayar tana kuka wuu-wuu-wuu in ka ɗau gudu, har mutum ya ɗauka boris ne, wato abinda ƙafar take juyawa akansa, yaje ya canza boris kukan bai daina ba. In kuma waje ɗaya ne tak ya shafe kamar an goga da dutsen guga, wannan wani birki ne mai ƙarfi aka taɓa takawa ƙafar ta ƙame ta ja a ƙasa, zaka dinga jin dum-dum-dum a tafiya.

Ka gama da fuska, koma gefen tayar, ciki da waje. Abu uku kake nema. Na farko ƙulu, wato kumburi kamar ƙwai ya fito a gefe. Wannan zaren da ke cikin tayar ne ya tsinke, yawanci bayan an daki rami, iska ce ta turo robar kaɗai ba abinda yake riƙe da ita. Ba'a facinsa, ba'a lallaɓa shi, ba'a mayar dashi baya ace ai baya ce, cirewa ake a ranar. Na biyu yanka, in yayi zurfin da kana hango zare ko waya ita ma ta tafi. Kuma duk hujin da yake a gefen taya ko kan kafaɗarta ba wajen faci bane ko da mai faci yace zai iya, gefen nan lanƙwasa yake yana miƙewa duk juyi ɗaya, faci baya zama. Facin da ake yarda dashi shi ne na ƙaramin huji irin na ƙusa a fuskar tayar. Na uku tsagewa, ƙananan layuka kamar faso a dunduniya lokacin hunturu, a gefe ko a ƙasan ramukan zanen. Wannan tsufa ne da rana, robar ta bushe.

Maganar tsufa ta kawo mu kan kwanan wata, dan taya tana iya mutuwa da zanenta cif. Motar da aka ajiye a rana shekara da shekaru ba'a hawa sosai, zaka ga zane kamar sabo amma robar ta ƙeƙashe. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefen tayar, ka bi haruffa da lambobin da suke biye har ƙarshe, zaka ga lamba huɗu yawanci a cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 yana nufin sati na 23 a shekarar 2019, 0522 kuma sati na 5 a 2022. In baka gani a waje ba yana ɓangaren ciki, dan sau da yawa gefe ɗaya ake buga cikakkiyar lambar. In kuma lamba uku ka gani a maimakon huɗu, an yi tayar kafin shekarar 2000, ko kyauta aka baka kar ka ɗaura. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta daɗe tana faɗakarwa cewa shekara 4 ne wa'adin taya daga ranar da aka yi ta, kuma jami'ansu suna duba lambar nan a hanya. Kamfanoni irin su Michelin kuma cewa suke daga shekara 5 a dinga kaiwa masani yana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko yaya take. Ni dai ganina, da irin zafin da kwalta take ɗauka a watan Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, ga ramuka ga lodi, gara mutum ya karkata wajen ƙaramin lissafin.

Na san abinda wani zai ce, Malam kana ta maganar canza taya ka san kuɗin sabuwa yanzu kuwa? Na sani wallahi, kuma na san yawancinmu ta hannu muke saye, ƴar Beljiyam ko ƴar Kwatano. Ba zan ce maka haramun bace, amma araha bata ado, in zaka saya ka tafi da ashanarka da fitilarka kayi mata duk abinda na lissafa a sama tun tana ƙasa kafin a ɗaura. Ka karanta shekararta da kanka kar ka bari a karanta maka, in kaga wajen lambar an kankare ko an goge ka ajiye ta. Ka leƙa cikinta ka ƙirga faci, ka shafa kaji ko akwai garin baƙar roba ko wani layi da ya zagaye cikin, alamar an taɓa tafiya da ita ba iska kenan, gefenta ya riga ya karye. Ƙyallin baƙin da take yi kar ya ruɗe ka, mai ake shafawa. Sannan ka kula da wadda aka sake yankawa zane, akwai masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su bi ta da wuƙa mai zafi su tsaga sabon rami, zaka gane ta da bakin ramin baya da santsi, layin yana ɗan karkacewa, kuma in ka laluba ba zaka samu ɗan dakalin nan ba dan an yanke shi, wani lokacin ma har kana hango zare a ƙasan ramin. Wasu tayoyin manyan motoci an yi su dama da kaurin da za'a iya sake yanka su kuma an rubuta a jikinsu, amma tayar ƙaramar mota bata da wannan naman. Wani abin kuma, in kaga hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a ciki, tayar sanyin Turai ce, robarta laushi gareta dan ƙanƙara aka yi ta, a zafinmu da wuri take cinyewa. Ka kuma tabbatar lambar girmanta, irin su 195/65 R15, ta zo ɗaya da ta ɗaya ƙafar da suke saitin juna dama da hagu.

Yanzu iska, tunda ita ce take kashe yawancin tayoyi kafin lokacinsu. Adadin da motarka take so ba'a jikin taya yake ba, wanda ke jikin taya iyakar abinda zata iya ɗauka ne. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, ko cikin murfin tankin mai, akwai ƴar takarda da aka liƙa mai nuna na gaba da na baya, da na lokacin da aka cika mota da kaya. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne zuwa 35 a ma'aunin PSI, in gejin naka da ma'aunin bar yake nunawa toh 2.2 shi ne wajen 32. Ka sayi ɗan gejinka na aljihu ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ka fita, dan taya ko lafiyarta ƙalau tana rage iska kaɗan-kaɗan duk wata. Kuma akwai wata al'ada da nake roƙon direbobi su bari, wai in za'a yi doguwar tafiya lokacin zafi sai a rage iska dan kar taya ta fashe. Wallahi juyin abin ne. Tayar da bata da isasshiyar iska ita ce take lanƙwasa tana murɗuwa duk juyi, murɗuwar nan take haifar da zafi a cikinta har roba ta rabu da waya ta tarwatse ana tsaka da gudu. In ka tsaya a Zariya ko Kwanar Dangora ka auna kaga iska ta hau sama da yadda ka sa da safe, haka ake so, zafin tafiya ne, kar ka sace ko kaɗan, in ta huce zata koma.

Motocinmu irin su Corolla da Civic da Golf da ƙafar gaba suke ja, ga nauyin inji ga kwana ga yawancin birki duk a gaba, so in lissafinka ya nuna na gaba sun fi na baya cinyewa ba matsala bace. Maganinsa juya su, na gaba su koma baya na baya su dawo gaba duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, ko kace duk juyen baƙin mai biyu. Ka dai lura in akwai kibiya a gefen tayar mai nuna inda zata dinga juyawa, irin wannan bata tsallakawa daga dama zuwa hagu. In kuma guda biyu kawai aljihunka zai iya saya, na san kowa gaba yake kai sababbin, amma masu yin tayar da kansu baya suke cewa a sa, dalili kuwa in gaba ta zame a ruwa kana jinta a sitiyari kana iya gyarawa, in baya ta zame motar juyawa take gaba ɗaya ta kalli inda ta fito kafin ka ankara. Wannan ba yana nufin ka bar matattu a gaba bane, waɗanda zasu zauna a gaban ma dole su zama masu sauran rai.

Safaya kuma kar a manta da ita a but, a ciro ta a auna iskarta a karanta shekararta, in irin ƴar siririyar nan ce iskarta 60 take so kuma ba'a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, ta kaika wajen mai faci ce kawai. Ka haɗa da duba jak da wil-sifana suna nan ko wani ya ara bai dawo dasu ba.

Ni Asabar ɗin farkon wata nake yin nawa bayan an wanke mota, dan a lokacin ramukan a wanke suke komai yana fitowa, sai kuma duk daren da zan yi doguwar tafiya washegari, da duk ranar da na daki rami naji har cikin haƙorina. Waccan ƙafar da na fara baku labari, da aka kai wajen bakanike tayarod ne ya saki, aka canza aka yi alaimen na ɗaura wasu tayoyin. Aunawar da nayi ta ƙarshe waje 6, tsakiya 6, ciki 6.